A Ba Samari Ɗakin Baƙi Su Mayar Da Shi Ɗakin Hoto



Maganar da nake son mu tattauna a kanta a yau za ta iya yi wa wasu kama da wasan yara, amma ni a wurina ba wasa ba ce. Duk wanda ya san tsofaffin gidajenmu na Limawa, Kwangila, Unguwar Daji da Sabon Gari, ya san cewa da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani ɗaki a kusa da zaure wanda aka garƙame da kwaɗo ba. Idan aka buɗe maka shi, abin da za ka gani bai wuce tsohuwar katifa, buhunan da ɓera ya huda, keken ɗinkin da ya daina aiki, da tayar babur ba. Ra'ayina shi ne, maimakon a bar wa gara da kyankyasai wannan ɗaki, ko a fasa bangonsa ta waje a ba da shi haya, a ba wa wani saurayi ko budurwa a cikin gidan ya share shi ya mayar da shi wurin ɗaukar hoto. Ba shagon hoto na neman kuɗi nake nufi ba. Ina nufin ɗakin da za a riƙa ɗaukar mutanen gida da na unguwa, don sha'awa, kuma don ajiya.

Kafin a ce na faye son zuciya, bari mu fara tambayar kanmu: me ya sa aka gina ɗakin tun farko? Kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su garin nan. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya ratsa ta Minna, kuma a nan ya haɗu da layin da ya taso daga Ikko. Ƙasar Gbagyi ce, su muka tarar, amma tashar jirgi ta jawo fatake da 'yan ƙwadago daga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato, wasu suka zo cin rani suka zarce. Bahaushen da ya zauna ya yi gida, sai ya zama mai masaukin 'yan garinsu. Baƙo ya sauka da kayansa, a ba shi ɗaki, a kai masa tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 a kan yadda wannan tsari na mai gida da baƙonsa yake riƙe da cinikin goro da na shanu a Sabon Ibadan, kuma duk ɗan kasuwar da ya girma a zango ko sabon gari zai gane abin da yake faɗa ba sai an fassara masa ba. Ɗakin baƙi shi ne ofishin wannan harka.

To yau ina baƙin? Abokin cinikin Baba da ke Dawanau ba ya zuwa kuma. Waya zai bugo, a tura masa kuɗi ta banki, ya loda kaya a mota, direba ya kawo. Wanda ma ya zo da kansa, sau da yawa a ranar yake juyawa, ko ya kama ɗaki a masauki. Aikin da aka gina ɗakin dominsa ya ƙaura zuwa cikin wayar salula tun bayan da GSM ta shigo ƙasar nan a 2001. Ɗakin ne kawai bai samu labari ba.

Na san amsar da iyayenmu za su bayar, domin na ji ta da kunnena a gidanmu: a fasa ƙofa ta titi, a ba mai POS ko mai cajin waya ko mai sayar da magani, duk shekara a karɓi 'yan kuɗi. Ba zan raina wannan magana ba. Ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san darajar kwabo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 babu gidan da ke wasa da kuɗin shiga. Idan gida yana cikin matsi har kuɗin hayar nan ne zai sayi masara, to babu gardama, a ba da haya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ɗakuna da yawa ba sa kallon titi, suna cikin lungu ne inda babu mai kama su, kuma wasu masu gidan ba za su taɓa yarda baƙon ido ya zauna a bakin zaurensu yana ganin shigar iyali da fitarsu ba. Irin waɗannan ɗakuna shekara goma suke yi a rufe. A kansu nake magana. Ba a rasa komai ba idan aka ba yaro makulli.

Me za a samu? A nan ne nake son mai karatu ya ɗan tsaya. Shiga gidanku ka tambaya a nuna maka hoton kakanka, wanda ya fara zuwa Minna. A gidanmu abin da muka samu shi ne fasfo guda ɗaya tak, na tafiya aikin Hajji, wanda hatimi ya rufe rabin kafaɗarsa. Kakarmu kuwa, wadda ta shekara fiye da 40 tana sayar da fura a unguwa har ta aurar da 'ya'ya da kuɗinta, babu hotonta ko ɗaya, sai dai a ce maka "kamarta ɗaya da wance". Mu da ake kira baƙi a wurin da aka haifi iyayenmu, mu da idan aka zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ake tambayarmu takardar shaidar ƙaramar hukumar asali, har wani ya kama hanyar garin da bai taɓa kwana bakwai a cikinsa ba don ya karɓo ta, ai mu ne ya fi kamata mu damu da ajiye shaidar zamanmu. Ba ina cewa hoto zai maye gurbin takarda a ofis ba. Ba zai yi ba. Amma yaron da ya tashi yana ganin hoton kakansa a ƙofar wannan gida, da na babansa a rumfarsa, ba ya buƙatar wani ya gaya masa ko shi ɗan ina ne. Gani ya kori ji.

Ku tuna tsohuwar babbar kasuwar da ke tsakiyar gari, kafin a tashe ta a mayar da mutane Kasuwar Kure. Iyayenmu nawa ne suka ƙare ƙuruciyarsu a cikinta? A cikinsu mutum nawa ne ke da hoton rumfarsa? Na tambayi dattawa da dama a layinmu, ban samu ko ɗaya ba. Kasuwar da ta ciyar da mu ta tafi, sai labari. Sannan ga abin da ya faru a Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, lokacin da ambaliya ta afka wa Unguwar Hausawa da Tiffin Maza da asuba, aka tabbatar da rasuwar mutum fiye da 150, wasu da yawa kuma aka neme su aka rasa. Allah ya jiƙansu da rahama. Ruwan da ya tafi da mutum ya tafi da wayarsa da akwatinsa. Ina yawan tunanin marayun da suka tsira, ko akwai wani ɗan uwa a wani gari da ya ajiye hoton iyayensu da zai nuna musu idan sun girma.

Wani zai ce, ai yanzu kowa da kyamara a aljihunsa, hotuna sun yi yawa ma, me za a yi da ɗaki? Haka ne, ba a taɓa ɗaukar hotuna da yawa kamar yanzu ba, kuma ina ganin ba a taɓa asarar su kamar yanzu ba. Wayar Baba da aka zare masa a tasha ta tafi da hotunan suna biyu da biki ɗaya. Wata wayar ta faɗa ruwa, wata memori ya cika aka goge, wata aka sayar don a biya kuɗin makaranta. Waɗanda suka tsira kuma an tura su ta WhatsApp sau biyar har sun dushe, domin manhajar tana matse hoto ta rage masa kyau idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Bayan haka, dubi su waye a cikin hotunan. Mu ne, samari da 'yan mata, muna murguɗa baki. Tsofaffi ba sa ciki. Dattijo ba zai tsaya a titi ka ɗauke shi ba, kuma ba zai hau babur ya je shagon hoto a Tunga ya zauna a layi da yara ba. Amma idan ɗakin yana cikin gidansa, ranar Juma'a ya dawo daga masallaci da babbar rigarsa, jikansa ya ce "Alhaji, don Allah minti biyu", zai zauna. Hajiya da ba ta fita sai da lalura ita ma za ta zauna, musamman idan 'yarta ce ke riƙe da kyamarar. Wannan shi ne abin da ɗakin gida zai iya wanda shagon kasuwa ba zai iya ba.

Kada kuma a ɗauka wannan ƙaramin abu ne da ba ya kai mutum ko'ina. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mutum, Seydou Keïta, ɗan kafinta, wanda kawunsa ya kawo masa 'yar kyamarar Kodak daga Senegal a 1935. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a filin gidansu. Hasken rana yake amfani da shi a tsakar gida, labulen bayansa na farko kuwa zanen shimfiɗar gadonsa ne. Ya ajiye agogo, rediyo, alƙalami da kwat don wanda ke son ya ara ya fito fes. Mutanen gari kawai yake ɗauka, amma ya adana nagetif ɗinsa da kyau, dubbai. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da an san sunan mai su ba, har sai da aka biyo sawu zuwa Bamako aka same shi da akwatunansa. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 aka yi gagarumin baje kolin aikinsa a Grand Palais da ke birnin Paris. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, mai Studio Malick, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007. A nan gida Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yau ga shi kitson da aka daina yi ana ganinsa a wurinsa. Fati Abubakar ta fara nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen Maiduguri a 2015 da sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bom. Ba ina yi wa kowa alkawarin Paris ba ne. Abin lura a wurina shi ne, yawancinsu ba su je neman abin ɗauka a nesa ba. Maƙwabtansu suka ɗauka, suka kuma ajiye.

Yanzu bari mu shiga cikin ɗakin, domin na ga samari da yawa suna fasa abin tun kafin su fara, wai sai sun tara kuɗin fitilu da lema irin na masu ɗaukar biki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan nan sun yi tsadar da idan ka ce sai ka saye su, to ka daɗe ba ka fara ba. Abin farin ciki, ba su ne farko ba. Farko ita ce taga.

Yawancin ɗakunanmu ƙafa 12 ne a kan 12. Idan ka matsar da mutum ƙafa uku daga bango don kada inuwarsa ta faɗa a kan labule, kai ma ka bar wa kanka wurin tsayawa, abin da ya rage tsakaninku bai wuce ƙafa shida ko bakwai ba. Wannan ya isa hoton rabin jiki, ko mutum a zaune. Idan kana son tsayuwa gaba ɗaya, daga hula har takalmi, sai ka yi dabara: ka ajiye shi a kusurwa ɗaya ka tsaya a ɗaya kusurwar, domin daga lungu zuwa lungu kusan ƙafa 17 ne, ko kuma ka buɗe ƙofa ka ja da baya ka tsaya a zaure. Kada ka matso da waya kusa da fuskar mutum don ta cika hoto. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, idan ya matso sai hanci ya kumbura kunnuwa su gudu baya, shi ya sa tsofaffi ke cewa hoton waya yana ɓata musu kama. Ja baya, ka danna 2x idan wayarka tana da shi. Wanda Allah ya hore wa ya sayi tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, ya nemi gilashi mai lamba 50, ya wadatar da shi shekaru.

Ita taga, wadda ke kallon arewa ta fi, musamman daga watan Oktoba zuwa Maris lokacin da rana ke karkata kudu, domin haske zai shigo mai laushi ba tare da rana ta buga kai tsaye ba. Idan tagarka gabas take kallo, bari sai hantsi ya wuce. Idan yamma ce, yi aikinka da safe. In kuwa dole rana ta shigo, rataya farin yadi mara kauri a jikin tagar, zai tace ta. Zaunar da mutum ta yadda hasken zai zo masa ta gefe, ba ta bayansa ba. Ɗaya gefen fuskar zai yi duhu, to sai ka samu babban kwali, irin na firij ko talabijin da ake zubarwa a kasuwa, ka manna masa farar takarda, ka sa ƙaninka ya riƙe ta wancan gefe ya mayar da hasken. Kuma ka sani haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ido ke zato: idan fitila ce, ka ninka nisanta sau biyu, abin da zai isa fuskar kashi ɗaya ne cikin huɗu. Saboda haka taku ɗaya zuwa wajen taga yakan gyara hoton da ka yi ta fama da shi.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, wato baƙar fata a cikin farar shadda. Kyamara tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta nutse, ka ga riga da hula babu mutum. Maganinta shi ne ka taɓa fuskar a jikin allon wayar kafin ka ɗauka, don ta auna haske daga nan, sannan ka kawo kwalin nan kusa. Abin da ba magani ba ne shi ne abin da wasu masu shagon hoto ke yi, su wanke mutum a kwamfuta har ya koma fari sol kamar ba shi ba. An taɓa kawo mana hoton wata gwaggonmu daga wurin biki, wallahi sai da aka yi gardama a gida kafin a yarda ita ce. Wannan ba gyara ba ne, kuma jikokinta ba za su san kamanninta daga irin wannan hoto ba. Haka nan bangon ɗaki: koren fenti ko shuɗi mai sheƙi da muke so a gidajenmu yana zuba launinsa a kan fata. A shafa fari ko ruwan toka mara ƙyalli, ko da farar ƙasa ce. Kuma kada a haɗa hasken taga da jan ƙwan lantarki a lokaci ɗaya, rabin fuska zai yi ja rabi ya yi shuɗi. Kashe ɗaya.

Batun wuta kuwa, kowa ya san halin da ake ciki. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, har ana yi mata kirari da jihar lantarki, amma ban ba kowa shawarar ya dogara da soket ba. Wanda ya koyi aiki da taga bai damu da an kawo ko an ɗauke ba. In ana son aikin dare, fitilar LED mai caji guda ɗaya da aka sa wa farin yadi a gaba ta isa, ƙaramin faifan sola kuma zai cika ta. Abin da ya fi wuta haɗari ga kayan aiki shi ne yanayin garin nan. Da hunturu ƙura, da damina laima. Laimar watan Agusta tana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin kyamara kamar saƙar gizo, kuma in ta kama da wuya ta fita. Nemi roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ka tara 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani, ka zuba a ciki tare da kyamarar. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ba ma rasa su. A watan Maris kuma, ɗakin kwano mara silin ba ya zaunuwa da rana, kada ka sa tsoho a ciki yana zufa, bari sai da safe.

Inda nake da ra'ayi mai zafi shi ne labulen baya. Na gaji da ganin Bahaushen Kpakungu a tsaye gaban hoton benayen Dubai ko wani lambun Turai mai ruwa yana zuba. Bayan shekara 30 me wannan zai gaya wa mai kallo? Cewa mun so a ce ba a nan muke ba? Muna da tabarmar kaba, muna da luru da gwado da saƙi, muna da atamfar da iyayenmu mata suka ajiye a ƙasan akwati. Muna zaune a jihar da Bida take, garin tagulla da munduwar gilashi. Tukwanen Gbagyi da ake sayarwa a bakin hanya, daga irin wannan hannu Ladi Kwali ta fito, wadda ke bayan takardar naira 20, kuma a Suleja ta yi aikinta. A sa mutum ya riƙe abin sana'arsa: mai hatsi da mudunsa, tela da almakashinsa, mahauci da wuƙarsa, mai shayi da butarsa. Kuma kada ɗakin ya zama na Hausawa zalla. Maƙwabcinka Bagwari da ke kawo doya, da Banufiyar da ke sayar wa Hajiya kifi shekara 20, da Bayaraben da ke gyara wa Baba mota, duk a kira su su zauna. In ana son a nuna yadda muka zauna a garin nan, to da su muka zauna. A wanke hoton a kai musu kyauta, a ga yadda fuska ke sakewa.

Ba zan tsallake maganar addini ba, don na san ita ce za ta fara fitowa daga bakin wasu iyaye. Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da Islamiyyar unguwa. Abin da na sani shi ne malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Shaihu Ibn Baz ya tsananta, bai yarda da shi ba sai don lalura irin ta fasfo da katin shaida. Shaihu Yusuf al-Ƙardawi kuma ya tafi a kan halaccinsa matuƙar abin da aka ɗauka ba haramun ba ne. Mai gidan da ya bi ra'ayin farko, gidansa ne, a girmama shi, kada yaro ya yi masa taurin kai a kan ɗaki. Wanda ya bi na biyu amma ba ya son a rataya a bango, sai a sa a albam a rufe a akwati. Dama ajiya muke nema, ba ado ba.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne amana. Tsoron da iyaye ke yi cewa ɗakin hoto zai zama matattarar samari da 'yan mata, ko hoton matar aure ya fita ya shiga duniya, tsoro ne na gaskiya, kuma mun ga gidajen da irin wannan ya girgiza. Saboda haka wanda aka ba makulli sai ya ɗaure kansa da sharuɗɗa tun ranar farko, ya faɗe su a gaban mai gida. Ƙofa a buɗe take muddin akwai mutum a ciki. Mata, mace ce za ta ɗauke su, don haka a koya wa ƙanwa ko yaya, kada a ce abin na maza ne kawai. Ba a sa hoton kowa a Facebook ko TikTok sai da izininsa, na yaro kuma sai da izinin iyayensa. Wanda ya ce a goge nasa, a goge a gabansa. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma ni kunyar idon Baba ta fi dokar tsorata ni. Kuma wayar da ake ɗaukar iyali da ita ba ita ce za a riƙa miƙa wa abokai a majalisa ko a bari a wurin mai caji ba.

Sai kuma jarabar da ke kama duk ɗan Bahaushe: da an ga hotuna sun fara kyau, za a ce "kai, ka fara karɓar kuɗi mana". Ba haramun ba ne, kuma in maƙwabci ya ce a yi masa fasfo ya biya kuɗin takarda, babu laifi. Sai dai a sani kasuwar fasfo ba kamar da take ba, tunda wurare irin su rajistar katin ɗan ƙasa yanzu a nan take suke ɗaukar mutum da kyamararsu. Kuma da zarar ɗaki ya zama shago, mai kuɗi ne zai riƙa zama a kujerar, tsohuwar da ba ta da ko sisi kuma a ce mata ta dawo gobe. Shawarata a shekara guda tukuna ana yi don Allah da son abin. In daga baya sana'a ta fito, a nemi shago a bakin titi, a bar na gida a matsayinsa.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci kuma shi ne wanda ba shi da daɗi, wato adanawa. Duk hoton da ya yi kyau a ajiye shi wuri uku: a kwamfuta ko filash, a intanet, sannan a kai a wanke shi a takarda. A bayan takardar a rubuta da fensir, ba biro ba don yana cin takarda, sunan mutum da na mahaifinsa, garin da suka fito, unguwar da yake zaune, sana'arsa, da ranar da aka ɗauka. Hoton da babu suna, bayan mutum biyu sun rasu ya zama hoton "wani". In da hali a kunna rikodar waya a bar dattijon ya yi magana minti goma kafin ya tashi, ya faɗi shekarar da ya zo da wanda ya sauke shi. Sannan duk lokacin da wani zai je gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, a ba shi kwafi ɗaya a cikin ambulan ya kai wa dangi su ajiye a can, don kada gobara ko ruwa su cinye duka a wuri guda.

A fara da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, a wannan Juma'ar in Allah ya kai mu, ko da ba a gama kwashe buhunan ba. Kujera ɗaya da tabarma a bango sun isa ranar farko.